Kafin Ya Ɗauki Wuƙa: Yadda Cin Zarafi Da Sakaci Ke Tura Yara Cikin Daba

Duk lokacin da 'yan sanda suka yi holon 'yan daba a Kano, ko 'yan kalare a Gombe, ko 'yan shila a Yola, hankalin jama'a kan tafi ga wuƙaƙe da ƙwayoyin da aka baje a gabansu. Da wuya ka ji an tambayi a hannun wa yaron ya taso, ko wa ke ciyar da shi yana ɗan shekara bakwai. Alhali bincike ya daɗe da nuna cewa daga nan labarin da yawa daga cikin irinsu ke farawa.

Fitaccen bincike a kan wannan batu shi ne na Cathy Spatz Widom, masaniyar halayyar ɗan Adam a Amurka. Ta zaƙulo yara 908 da kotu ta tabbatar an ci zarafinsu ko an yi watsi da su tsakanin 1967 da 1971, ta kwatanta su da wasu 667, sa'o'insu da suka taso cikin irin halinsu na rashi, amma ba a taɓa kai ƙarar an cuce su ba. Daga nan ta bi diddiginsu a kundin 'yan sanda shekara da shekaru. A cikin waɗanda aka cuta, kashi 27 cikin ɗari sun shiga hannun hukuma tun suna ƙanana, a ɗaya rukunin kuwa kashi 17 ne. Da suka girma ma tazarar ba ta gushe ba: kashi 42 da kashi 33.

Abin da ya fi tayar da hankali shi ne matsayin sakaci. Yaran da aka bari da yunwa, ba magani, ba mai sa ido, an kama su da laifukan tashin hankali kusan daidai da waɗanda aka riƙa jibga. Uban da ke taƙama bai taɓa ɗaga wa ɗansa hannu ba, alhali bai san inda yake kwana ba, bai kuɓuta daga alhakin ba.

Ta yaya hakan ke faruwa? Idan yaro ya firgita, jikinsa kan saki sinadarai irin su kotisol domin ya gudu ko ya kare kansa. In tsoron na ɗan lokaci ne, uwa ta rarrashe shi, jiki ya lafa. In kuwa kullum cikin fargaba yake, ƙwaƙwalwa sai ta saba da zaman ɗar-ɗar, kuma ɓangaren gabanta, mai taka wa fushi birki da auna abin da zai biyo baya, wanda ba ya gama nuna sai mutum ya haura shekara ashirin, yakan samu tawaya. Irin wannan yaro, ko tuntuɓe aka yi da ƙafarsa sai ya ɗauka tsokana ce. Ga shi ya koya a gida cewa mai ƙarfi ne ke da gaskiya. Da ya faɗa titi, sai daba ta ba shi abin da ya rasa: abinci, kariya, da wanda zai neme shi in bai zo ba.

Wannan ba matsalar Turawa kaɗai ba ce. Binciken da Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa ta gudanar da tallafin UNICEF a 2014 ya gano cewa shida cikin goma na yaran Najeriya sun fuskanci wani nau'in cin zarafi kafin su cika shekara 18. Muna ganin hanyoyin da ido: aure ya mutu a raba yara gidan 'yan uwa, marayan da ke hannun riƙo, almajirin da aka kai gari babu guzuri. Idan yaro ya kangare kuma, sai a ƙara masa abin da ya kangarar da shi. A Satumban 2019 'yan sanda sun kuɓutar da ɗaruruwan mutane, da yara a cikinsu, daga wani gidan mari a Rigasa, Kaduna, wasu da sarƙa a ƙafa.

Sai dai alƙaluman Widom na ɗauke da bushara: mafi yawan yaran da aka cuta ba a taɓa kama su a ƙuruciya ba. Kuma rigakafi na aiki. A garin Elmira na jihar New York, David Olds ya fara wani shiri a ƙarshen shekarun 1970, inda ma'aikatan jinya ke ziyartar masu cikin fari a gida har yaro ya shekara biyu. Bayan shekara 15, an tarar 'ya'yan matalautan matan da aka ziyarta ba su kai takwarorinsu shiga hannun hukuma ba.

Najeriya na da Dokar Kare Haƙƙin Yara tun 2003, amma doka ba ta shiga zaure sai an kai ta. Malamin makaranta da ya ga tabo a bayan ɗalibi, da ungozomar da ta ga uwa ta gaza, da mai unguwa da liman da alƙalin da ke yanke kuɗin ciyarwa bayan saki, su ne ke iya tarar lamarin da wuri. Hukunta mai laifi wajibi ne, amma gwamnatin da ke son rage daba sai ta ɗauki jami'an walwalar jama'a aiki, ta tilasta wa iyaye maza ciyar da 'ya'yan da suka haifa.