Injin Mota Mai Mutuwa Ana Cikin Tafiya

Daga cikin cututtukan mota, da wuya a sami mai wahalar da bakanike kamar injin da ke mutuwa jefi-jefi ana cikin tafiya. Mota za ta ɗauke a tsakiyar hanya, a jima kaɗan ta tashi kamar babu abin da ya same ta. Idan an kai ta gareji kuma sai ta ƙi nuna halinta. Daga nan ake shiga sauya kaya bisa kintace, yau fulogi, gobe kwayil, jibi famfon mai, kuɗi suna tafiya cuta tana nan. Saboda haka rabin aikin ganowa yana wuyan direba, domin shi kaɗai ne yake wurin sa'ad da abin ya faru.

Da farko dai rai ya fi mota. Inji yana mutuwa sitiyari zai yi nauyi, ƙarfin da ke taimakon birki kuma bai wuce taki biyu ko uku ba ya ƙare. Lalle ne direba ya riƙe sitiyari da hannu biyu, ya kunna fitilun haɗari, ya danne birki sau ɗaya da ƙarfi har ya gangara gefen hanya. Kada ya zare makulli mota tana tafiya, don sitiyari yana iya kullewa.

Bayan ya tsaya, sai ya tuna yadda injin ya mutu. Injin fetur mai da iska da wuta yake bukata, kuma rashin kowanne da irin alamarsa. Idan ya yi ta shaƙewa da fizga, ana taka totur ƙarfi yana raguwa, musamman a hawa, galibi mai ne ba ya isa. Ko matacin mai ya toshe, ko famfo ya gaji, ko kuwa akwai ruwa da datti a tanki. A yawancin motocin yanzu famfon yana cikin tanki, fetur ɗin ne ke sanyaya shi, don haka mai yawo da ɗan mai a gindin tanki kullum yana rage masa kwana. Idan an murɗa makulli ba a tayar ba, famfo mai lafiya yakan yi ɗan gurnani na daƙiƙa biyu ko uku. Wani lokaci laifin man ne kansa, kamar yadda aka gani a watan Fabrairu na 2022, da aka shigo ƙasar nan da fetur mai sinadarin metanol fiye da ƙima.

Amma idan ya ɗauke ɗif, kamar an kashe shi da makulli, to a nemi cutar wajen wuta. A nan sai direba ya dubi fitilun gabansa. In sun mutu tare da injin, musamman bayan an faɗa rami ko an bi gargada, a duba kan batir da wayar da ke haɗa shi da jikin mota, da kuma mazaunin makulli. Wannan ba ƙaramin abu ba ne. A shekarar 2014 kamfanin General Motors na Amurka ya janye motoci wajen miliyan 2.6 saboda makulli yana zamewa da kansa ana tafiya, an kuwa rasa rayuka. Tarin makullan gida da na kanti da ake ratayawa a nan nauyi ne da ba a yi wurin dominsa ba.

In kuwa fitilu suna nan, inji ya mutu bayan ya yi zafi, ya ƙi tashi sai ya huce, to zato yana kan abin da zafi ke lalatawa. A tsofaffin motoci masu kafireto, irin Peugeot 504 da aka harhaɗa a Kaduna, kwayil da kwantak ake fara tuhuma. A na zamani kuwa akwai wata 'yar na'ura da ke gaya wa kwamfutar mota yadda inji ke juyawa. Da ta yi shiru, kwamfuta sai ta tsayar da wuta da mai gaba ɗaya. Injin da ba ya mutuwa sai an ɗaga ƙafa daga totur, a mararraba ko a cunkoso, sau da yawa datti ne a maƙogwaron iska, wanki kawai yake so.

Duk wannan ya kamata a rubuta a takarda: nisan tafiyar da aka yi, yawan mai a tanki, ko ana ruwa, da minti nawa aka jira kafin ta tashi. Bakanike nagari zai bar inji yana aiki ya bi wayoyi yana girgiza su ɗaya bayan ɗaya, ya auna ƙarfin famfo kafin ya ce a sayi sabo. Motocin da aka yi don kasuwar Amurka daga 1996, da na fetur na Turai daga 2001, suna da wurin jona na'urar bincike a kusa da mazaunin direba. Kada a cire kan batir kafin a jona ta, domin a motoci da yawa yin haka yakan shafe abin da kwamfutar ta ajiye.