A'isha Falatiya da Gidan Rediyon Omdurman



Al'adar mutanen Amurka ce, idan wani ma'aikacin watsa labarai ya yi abin bajinta, su mai da tarihinsa fim, kamar yadda George Clooney ya yi a 2005 da Good Night, and Good Luck, inda aka nuna Edward R. Murrow na tashar CBS, taba sigari a hannunsa, yana duban kyamara ido cikin ido yana ƙalubalantar Sanata McCarthy a 1954, zamanin da tsoro ya rufe bakin manya. Fim ne mai kyau, ba mu musa ba. Sai dai duk wanda ya san ƙissar A'isha Musa Ahmad, wadda Sudan ta sani da A'isha Falatiya, zai yi mamakin yadda masu shirya finafinanmu ke tsallake irin wannan taska su tafi neman labari a nesa.

An haife ta a Kassala, iyayenta kuwa mutanen ƙasar Sakkwato ne da niyyar aikin hajji ta fito da su, Allah Ya ƙaddara musu zama a hanya, kamar dubban alhazan da suka rasa guzuri suka tsaya noma. Mahaifinta malami ne mai makarantar allo, abin da mutanen Sudan ke kira halwa, kuma a gabansa ta koyi karatun Alƙur'ani da fitar da haruffa daga mahrajinsu. Saboda haka da ta fara waƙa a gidajen biki, ba ƙaramin tashin hankali ya shiga gidan ba, domin a wancan zamani mace mai waƙa a bainar jama'a abar zargi ce, balle 'yar malami, balle kuma 'yar baƙi.

An buɗe gidan rediyon Omdurman a 1940, ana tsakiyar Yaƙin Duniya na Biyu, kuma a 1942 ta zama mace ta farko da aka ji muryarta tana waƙa a cikinsa, masu sauraro na yabo, masu ra'ayin riƙau na Allah wadai. Ta yi wa sojojin Sudan waƙa a fagen fama, ƙanwarta Jiddawiyya tana kaɗa mata molon Larabawa a wasanninta, daga bisani ta ziyarci Najeriya ta rera waƙa da harshen mahaifiyarta. A Omdurman ta rasu cikin 1974, Allah Ya jiƙanta da rahama.