Benen Grenfell a Zanen Kwamfuta

Gobarar benen Grenfell da ke Landan, wadda ta halaka mutum 72 a watan Yunin 2017, ta bazu ne ta kayan da aka lulluɓe bangon ginin da su, alhali mazaunansa, galibinsu talakawa a yankin attajirai na Kensington, sun daɗe suna kokawa ba a saurare su ba. Ƙungiyar Forensic Architecture, wadda Eyal Weizman ya kafa a 2010, ta tattaro bidiyoyin da jama'a suka ɗauka da waya, ta ɗora su a kan surar benen da aka ƙera a kwamfuta, wato siffa mai tsawo da faɗi da zurfi wadda ake iya jujjuyawa, har mai kallo ya ga yadda wutar ta bi bango hawa bayan hawa.