Gayya Daga Nesa: Ƙungiyoyin Taimako a Dutsin-Ma da Kurfi da Hannun 'Yan Uwa Mazauna Waje

Ƙidayar jama'a ta 2006 ta nuna cewa Ƙaramar Hukumar Dutsin-Ma na da mutum kusan 170,000, maƙwabciyarta Kurfi kuwa kimanin 117,000, sai dai ƙidaya irin wannan ba ta lissafa kowa sai wanda ta tarar a gida, don haka ba ta san da fataken da ke Kumasi ba, ko mai ɗinki a Makka, ko malamin asibiti a Ingila, alhali da yawa daga cikin rijiyoyi da azuzuwan Islamiyya da katangun maƙabartu na waɗannan garuruwa da kuɗin irin waɗannan mutane aka yi su. Hanyar da kuɗin ke bi kafin su zama bulo da siminti ita ce ƙungiya, kuma ƙungiyoyin iri-iri ne: akwai ƙungiyar ci gaban gari ko unguwa, wadda dattawa da ma'aikata ke kafawa a ƙarƙashin inuwar hakimi, wato Yandakan Katsina a Dutsin-Ma ko Maradin Katsina a Kurfi, akwai ƙungiyar tsofaffin ɗalibai, akwai kuma 'yan agaji, wato rundunar sa kai mai kaki da ƙungiyoyin addini ke riƙe da ita, kamar ta Jama'atu Nasril Islam da aka kafa a 1962, da ta Fityanul Islam, da ta Izala wadda ta soma a Jos a 1978. Su ne ake gani suna tsara sahu a filin Idi, suna jinyar marasa galihu a asibiti, suna kuma haƙa kabarin baƙon da ya rasu ba dangi kusa.

Tushen wannan aiki a ƙasar Katsina shi ne gayya, wato taruwar maƙwabta su yi wa mutum ɗaya noma ko yaɓe ko rufin ɗaki ba tare da lada ba sai abincin da zai ciyar da su, bisa fahimtar cewa shi ma zai fito ranar da aka kira ta wani. Amma binciken da Polly Hill ta yi a Batagarawa, wadda ba ta da nisa da Kurfi, wanda ya fito a littafinta Rural Hausa a 1972, ya gargaɗi duk mai son ya ɗauki ƙauyen Hausa a matsayin wurin da kowa ke daidai da kowa, domin ta nuna cewa tun a shekarun 1960 akwai manoman da talauci ke tilasta wa barin gonarsu su tafi ƙwadago a ta wasu a daidai lokacin da tasu ke buƙatar noma, ta yadda talaucin bara ke haifar da na bana. Irin wannan magidanci, ko ɗansa, shi ne ke fara fita cin rani, wato tafiyar neman kuɗi bayan girbi da niyyar dawowa kafin damina, kuma daga cin rani ne sau da yawa zama ke kama mutum a wata ƙasa.

Abin da ya fi ɗaukar hankali a tarihin Hausawa mazauna waje shi ne cewa sun riga mutanen gida tsara taimako a matsayin hukuma mai shugabanni da ƙa'idoji, saboda baƙunci bai bar musu zaɓi ba. Mahdi Adamu a littafinsa The Hausa Factor in West African History na 1978, da Paul Lovejoy a Caravans of Kola na 1980, sun bi sawun ayarin fataken goro daga Kano da Katsina zuwa Gwanja da Salaga, suka nuna yadda kowane mashiga ya samu zango, wato unguwar baƙi Musulmi mai sarkinta da limaminta. Deborah Pellow, wadda ta daɗe tana nazarin Sabon Zango na birnin Accra, ta rubuta a Landlords and Lodgers na 2002 cewa Malam Bako, wanda ya kafa unguwar a farkon ƙarni na 20, ɗa ne ga Malam Idrisu Neno, malamin da ya fito daga Katsina, kuma Malam Bako ya riƙa yanka wa masu zuwa fili su gina, su kuma su amsa masa a matsayin uba. Ga Bakatsinen yau da ke tunanin cewa zaman waje sabon abu ne da ya zo da jirgin sama, wannan bayani ya isa tunatarwa.

Mafi zurfin bayani kan yadda tsarin ke aiki shi ne na Abner Cohen, wanda ya zauna a unguwar Sabo ta Ibadan a farkon shekarun 1960 ya kuma wallafa Custom and Politics in Urban Africa a 1969. Cohen ya nuna cewa unguwar, wadda aka kafa a 1916, ta dogara ne kan mai gida, wato attajirin da ke da gidajen saukar baƙi, wanda ke ba bafatake masauki da abinci, ya ajiye masa kuɗi, ya haɗa shi da dillali, sannan ya tsaya masa idan aka sayar da shanunsa bashi ga mahautan gari. Babu takarda a tsakani, babu kotu, abin da ke riƙe cinikin kawai shi ne sanin da mai gida ya yi cewa ranar da ya ci amanar baƙo ɗaya labari zai riga shi isa Arewa, kuma ba wanda zai ƙara sauka a gidansa. Cohen ya kuma bayyana yadda hatta makafi da guragu da kutare na unguwar ke da sarakunansu da masaukinsu, ta yadda sadakar Juma'a da ta 'yan kasuwa ke isa gare su bisa tsari, kuma baƙon da ya iso a jigace yana da ƙofar da zai ƙwanƙwasa tun daren farko. Wanda ya karanta wannan littafi da kyau zai gane cewa ƙungiyar 'yan asalin Dutsin-Ma ko Kurfi da ke haɗuwa yau a wani gida a Jidda ko a dandalin WhatsApp jikar mai gidan Sabo ce, domin aikinta na farko bai canja ba: tarbar sabon zuwa, jinyar marar lafiya, binne mamaci, da aika wa iyalinsa abin da ya bari. Sai bayan an sauke wannan nauyi ne ake waiwayar gida.

A ɓangaren 'yan boko kuwa, misalin da aka fi sani shi ne ƙungiyar Zumunta ta 'yan Arewacin Najeriya mazauna Amurka, wadda aka kafa a New York a 1991, take kuma taron shekara-shekara tana tallafa wa ilimi da lafiya a gida. Irin waɗannan suna da kundin tsarin mulki da asusun banki, amma ba su ne mafi yawa ba, kuma abin da ke fitowa daga masu ƙaramar sana'a a Ghana da Nijar da Libiya da Saudiyya, duk da cewa ba ya shiga jarida, shi ya fi isa ƙauye. Bankin Duniya ya ƙiyasta kuɗin da 'yan Najeriya mazauna waje suka aiko gida a 2023 da kusan dala biliyan 20, sai dai wannan lissafi ya fi ganin abin da ya bi ta banki, shi kuwa Bahaushe ya saba ba ɗan canji kuɗi a can, a kira waya, ɗan uwan ɗan canjin ya miƙa naira a nan.

Shekaru da dama ayyukan da ake tara wa kuɗi sanannu ne, kuma ruwa ne a kan gaba. Abin takaici ne cewa yankin da ke da madatsar ruwa ta Zobe, wadda aka kammala a 1983, sai a Yulin 2021 aka ƙaddamar da kashin farko na aikin raba ruwanta, shekara 38 ke nan, kuma a tsawon wannan jira rijiya da famfon tuƙa-tuƙa da burtsatse su ne sadakar da mai hali ke fara tunani idan yana neman ladar da ba ta yankewa ga iyayensa. Bayan ruwa sai rabon hatsi da azumi, da ɗinkin Sallah ga marayu, da biyan kuɗin jarrabawar kammala sakandare, kuma tun da aka kafa Jami'ar Tarayya ta Dutsin-Ma a 2011, kusa da tsohuwar Kwalejin Ilimi ta Isa Kaita, kuɗin rajistar ɗalibai ya shiga sahun buƙatun da ake aika wa na waje.

Ta'addancin 'yan bindiga da ke fitowa daga dajin Rugu shi ya birkita wannan tsari. Da hare-hare suka tsananta a Safana da Batsari da Ɗanmusa, garin Dutsin-Ma ya zama mafakar mutanen ƙauyuka, kuma waɗanda suka fara ɗaukar nauyinsu dangi ne da 'yan agaji da ƙungiyoyin unguwa, tun kafin kayan agajin hukuma su iso. Asusun da aka buɗe don gina aji ya koma sayen tabarma da gero da magani. Mafi muni kuma shi ne kuɗin fansa, domin idan aka sace mutum dangi na sayar da gona da dabba, idan bai isa ba a buga wa na waje, kuma mutumin da ke wanke mota ko ɗaukar kaya a wata ƙasa kan wayi gari an ɗora masa kaso mafi tsoka don kawai an ji yana karɓar riyal ko dala. Faɗuwar darajar naira bayan watan Yunin 2023, lokacin da dala ta tashi daga kimanin naira 460 a farashin hukuma zuwa sama da 1,500 a farkon 2024, ta ƙara wa abin da yake aikowa kauri a ido, ta kuma ƙara yawan masu sa rai da shi. Ƙungiyoyin na cikin tsaka mai wuya a nan, domin Majalisar Dattawa ta amince da ƙudirin hukunta masu biyan fansa a watan Afrilun 2022, kuma kowa ya san kuɗin da aka biya yau shi ke sayen makamin gobe, amma ba shugaban ƙungiyar da zai iya duban uwar wanda aka sace ya karanta mata wannan hujja. Sace ɗalibai mata biyar na jami'ar a watan Oktoban 2023, a gidan da suke haya cikin gari, ya nuna cewa matsalar ba ta tsaya a ƙauye ba, kuma a wannan watan ne gwamnatin Dikko Umaru Raɗɗa ta ƙaddamar da rundunar tsaron al'umma ta jiha.

Babu abin da ya fito da dogaron gida kan na waje fili kamar rufe layukan waya a watan Satumban 2021, lokacin da aka katse sadarwa a ƙananan hukumomi 13 na Jihar Katsina, ciki har da Dutsin-Ma da Kurfi, a zamanin gwamna Aminu Bello Masari. Manufar ita ce a hana 'yan bindiga da masu ba su labari magana, amma tsawon watanni mai cirar kuɗi a kasuwar Laraba ta Dutsin-Ma bai da hanyar aiki, wanda ke Kumasi ko Khartoum bai da hanyar jin ko an kai hari garinsu, kuma sakon mutuwa ko na neman agaji sai an hau mota an nufi inda layi ke kamawa. A wannan lokaci tsohon tsarin ba da sako hannu da hannu ta direbobi da 'yan kasuwa ya dawo, kuma ya yi aiki ne saboda mutane ba su manta da shi ba.

Taimakon kuma ba kullum yake gangarowa daga waje zuwa gida ba. Korar baƙi da gwamnatin Busia ta yi a Ghana a ƙarshen 1969 ta dawo da iyalai da dama hannu rabbana, rikicin kasuwar Shasha ta Ibadan a Fabrairun 2021 ya sake yin haka, kuma a Sudan, inda waɗanda suka bi Muhammadu Bello Mai Wurno bayan yaƙin Burmi na 1903 suka kafa garin Mai Wurno a bakin Shuɗin Nilu, rikicin jihar Shuɗin Nilu a Yulin 2022 da yaƙin da ya ɓarke a Afrilun 2023 sun mayar da masu bayarwa masu neman a ba su. C. Bawa Yamba ya kira waɗannan al'ummomi mahajjata na dindindin a littafinsa na 1995, saboda suna ɗaukar kansu a kan hanyar Makka ko da an haifi kakanninsu a can, kuma da wuya a sami ƙungiyar gari a ƙasar Katsina da ta taɓa tanadin wani abu domin ranar da irinsu za su buƙaci dawowa.

Raunin ƙungiyoyin gida yana nan inda ƙarfin mai gidan Sabo yake, wato dogaro ga amanar mutum ɗaya. A zango tsarin ya yi aiki domin mai bayarwa da mai riƙewa suna sallah a masallaci ɗaya, kuma cin amana na da hukuncin da ake gani nan take a kasuwa. Tsakanin Jidda da Kurfi babu wannan ido, hoton burtsatsen da aka aika ta waya ba ya nuna ko yana ba da ruwa bayan wata shida, kuma jin nauyin dattijo na hana a tambaye shi lissafi, har sai zargi ya taru mai aikowa ya janye hannunsa shiru ba tare da ya faɗi dalili ba. Ƙungiyoyi da yawa kuma na mutuwa da mutuwar wanda ya kafa su, saboda babu rajista, babu littafin shiga da fita, babu kadarar da ke kawo kuɗi. Musulunci ya tanadi maganin wannan a tsarin waƙafi, wato tsare wata kadara kamar shago ko gona ta yadda ba a sayar da ita, ba a kuma gadonta, sai dai a riƙa kashe amfaninta kan aikin da aka ayyana, kuma jihohin Zamfara da Sakkwato sun daɗe da hukumomin da ke kula da shi. Ya kamata shugabannin ƙungiyoyin Dutsin-Ma da Kurfi su yi rajista, su buɗe asusu mai sa hannun mutum fiye da ɗaya, su riƙa karanta lissafi a bainar jama'a duk shekara suna aika kwafinsa ga 'yan uwa na waje, su kuma ware wani kaso na abin da ke shigowa don sayen kadarar waƙafi da asusun tarbar waɗanda rikici ya koro daga ƙasashen da suke zaune.