Rikicin 32 da 64: abin da ke hana Excel karɓar ƙarin manhaja

Yau za mu leƙa wani lungu na aikin masu rubuta manhaja, inda mutum kan kwana yana neman kuskure a rubutunsa alhali rubutun lafiyarsa lau.

Ga yadda abin yake faruwa. Wani injiniya ya rubuta ɗan ƙari da yaren C++ domin Excel ya riƙa yi masa lissafi mai nauyi cikin sauri. Irin wannan ƙari ana kiransa XLL. Ya zo haɗa shi da laburaren da Microsoft ta tanada, sai manhajar haɗawa ta tsaya cik, ta jefo masa lamba: LNK1112. Ma'anarta ita ce, wannan yanki an gina shi domin inji iri kaza, kai kuma kana gini domin wani iri daban. Wani lokacin ma haɗin ya tafi sumul, sai an zo buɗewa Excel ya ce bai san wannan fayil ba.

Tarihin a gurguje. A 1985 Intel ta fitar da furosesa 80386 mai bit 32, tsarin da ake kira x86. A 2003 AMD ta fitar da Opteron, ta faɗaɗa tsarin zuwa bit 64, wanda ake kira x64. Office kuwa bai samu sigar 64 ba sai a Office 2010, kuma ko a lokacin Microsoft da kanta 32 take ba mutane shawarar su saka, saboda tarin ƙare-ƙaren da kamfanoni suka dogara da su duk na 32 ne. Sai wajen Office 2019 aka juya, 64 ta zama ita ake sakawa kai tsaye.

To me ya sa ba sa jituwa? Ƙarin nan ba zaman kansa yake yi ba. Excel ɗauko shi yake ya shigar cikin jikinsa, su yi tarayya a ma'adana ɗaya, suna miƙa wa juna adireshin inda bayanai suke. A tsarin 32, adireshi bait 4 ne, iyakarsa gigabait 4. A tsarin 64, bait 8 ne. Kamar fom ne mai gurbi huɗu ka zo da lamba mai gida takwas: rabi zai shiga, rabi ya zube, saƙo ya tafi gidan da ba nan aka aike shi ba. Hatta hanyar miƙa saƙon ta bambanta. A 32 yawanci jera bayanai ake yi a ma'adana, a 64 kuwa na farko guda huɗu kai tsaye ake ɗora su cikin furosesa. Shi ya sa Windows ba ya ko gwadawa. Manhajar 64 ba ta ɗaukar laburaren 32, ta 32 ba ta ɗaukar na 64.

Ku riƙe wannan, masu sauraro, don nan ne mutane suka fi ɓata. Ba kwamfutarka ake tambaya ba, ba kuma Windows ɗinka ba. Excel ɗin da zai ɗauki ƙarin, shi ake tambaya. Sau da yawa za ka ga laftof ta hannu, furosesa 64, Windows 64, amma Office ɗin da mai gyara ya saka na 32 ne. Ƙarinka dole ya bi Office. Na sake faɗa: Office ɗin ake bi.

Yanzu ga abin da ya fi ɗaukar hankalina. A Windows mai bit 64 akwai folda biyu, ɗaya sunanta System32, ɗaya SysWOW64. Duk mai hankali zai ce ta farko ta 32 ce, ta biyu ta 64. Akasin haka ne. Fayilolin 64 suna cikin System32, na 32 suna cikin SysWOW64. Dalili kuwa, dubban manhajoji sun riga sun rubuta sunan System32 a jikinsu, canza shi zai karya su, sai aka bar sunan aka sauya kayan ciki. Idan manhajar 32 ta nemi System32, Windows kan karkatar da ita a ɓoye zuwa SysWOW64 ba tare da ta sani ba. Haka ma laburaren Excel da ake haɗa XLL da shi: na 32 sunansa xlcall32, na 64 ma sunansa xlcall32, folda ce kawai ta raba su. Na fahimci uzurin Microsoft, kare tsofaffin manhajoji ba ƙaramin alheri ba ne ga wanda ba shi da kuɗin sabuntawa. Amma gaskiya ɗalibin da ke koyo shi kaɗai, ba malami a kusa, shi ke biyan kuɗin wannan ruɗani da lokacinsa, har ya fara zargin kansa.

Abin daɗin shi ne fayil ba ya ɓoye asalinsa. Buɗe kowane DLL, wato fayil ɗin laburare irin su XLL, da manhajar duba ciki, haruffa biyu na farko M da Z ne, haruffan farko na sunayen Mark Zbikowski, injiniyan Microsoft tun zamanin MS-DOS. Ka ɗan gangara, akwai gurbi mai bait 2 da ke faɗin injin da aka gina fayil ɗin dominsa. In ka ga 014C, na 32 ne. In ka ga 8664, na 64 ne. In AA64 ne, na furosesar ARM mai bit 64 ne. Umarnin dumpbin zai karanto maka shi, a Linux da Mac kuma umarnin file. Shi kuma Excel, shiga File, Account, About Excel, layin sama zai gaya maka ko 32 ne ko 64. Minti biyu ya isa ka kwatanta.

Masu rubuta VBA, yaren manhaja da ke cikin Office, ma ba su tsira ba. Daga Office 2010, duk kiran da za a yi wa laburaren Windows a sigar 64 sai an sa masa kalmar PtrSafe, adireshi kuma a ajiye shi a LongPtr. Amma a kula, sa PtrSafe kaɗai ba gyara ba ne. Alkawari ne ka ɗauka cewa ka duba. In ba ka duba ba, Excel zai iya rufe kansa ana tsakiyar aiki.

LibreOffice, takwarar Office, ma haka take: ƙarin da aka rubuta da C++ dole a gina shi daban domin kowane tsari, a kuma bayyana tsarin a cikin kunshin. A 2020 Apple ta koma furosesa M1 na gidan ARM, kuma ko da Rosetta 2 na tafiyar da tsofaffin manhajoji, ba a cakuɗa Intel da ARM a cikin manhaja guda yayin da take gudana. Microsoft ce ta nemo wata dabara a 2021 mai suna ARM64EC, wadda ta ba Office na ARM damar ɗaukar ƙare-ƙaren x64. Na 32 dai ba sa ciki.