Shiri na Musamman: Finafinan Kyuba da Kwanon Gidauniya

(KIƊAN BUƊE SHIRI, A SASSAUTA)

 Shirinmu na yau zai kai mu ƙananan zauruka na biranen Turai da Latin Amurka, inda wasu 'yan tsirarun mutane kan haɗa kai su kama hayar ɗaki na kwana biyu ko uku, su jera kujeru, su haska finafinan ƙasar Kyuba, su kuma ajiye kwano a bakin ƙofa don tara taimako. Finafinan da muke magana a kai ba na wasan kwaikwayo ba ne. Na gaskiya ne, waɗanda aka ɗauki mutane a cikin harkarsu ta yau da kullum. Yaya ake haɗa irin wannan ƙaramin biki, kuma ina kuɗin ke zuwa? Ku biyo mu.

(KIƊA)

Wanda duk ya zauna zaɓar abin da zai nuna, abu na farko da zai ba shi mamaki shi ne yawan hajar. Wata uku bai cika ba da hawan gwamnatin juyin juya hali ta Fidel Castro, a watan Maris na 1959, aka kafa hukumar finafinai ta ƙasar, ICAIC, ƙarƙashin Alfredo Guevara. Daga 1960 zuwa 1990 hukumar ta riƙa fitar da labaran mako-mako da ake haskawa a gidajen silima kafin babban fim, kusan fitowa 1,500, akasari ƙarƙashin jagorancin Santiago Álvarez. A 2009 hukumar UNESCO ta sanya su cikin kundinta na abubuwan tarihin da duniya ba ta so su salwanta.

Abin da ya fi yi wa mai ƙaramin biki daɗi kuwa shi ne gajartarsu. Fim ɗin Álvarez mai suna Now!, na 1965, bai wuce minti 6 ba. Babu mai sharhi a cikinsa. Hotunan jaridu ne da guntayen finafinai na yadda 'yan sandan Amurka ke dukan baƙar fata, aka yanka aka jera su a kan muryar mawaƙiya Lena Horne. Takunkumin Amurka ya hana shi samun kayan aiki, sai ya yi da abin da ya samu. A dare ɗaya za ka iya haska irin wannan guda huɗu ko biyar, a yi hutu a sha shayi, a yi muhawara, kowa ya kama motar ƙarshe ya koma gida.

Akwai guda ɗaya da nake ganin bai kamata a yi irin wannan biki babu shi ba. Sunansa Por primera vez, wato karon farko, na Octavio Cortázar, 1967, kimanin minti 10. Ma'aikatan ICAIC ne suka ɗora na'urar haska fim a mota suka hau da ita duwatsun yankin Baracoa, a gabashin tsibirin Kyuba, zuwa wani ƙauye da ake kira Los Mulos, inda mutane ba su taɓa ganin fim ba. Da rana aka bi su ana tambaya, me kuke zaton silima take? Kowa ya faɗi abin da yake tsammani. Da dare ya yi aka kafa allo aka sa musu Modern Times na Charlie Chaplin. Cortázar bai damu da allon ba, kyamararsa na kan fuskokin 'yan kallo: tsofaffi baki buɗe, mata na dariya suna rufe baki, yara na ƙyaƙyatawa, har barci ya fara ɗibar wasunsu suna gyangyaɗi suna kuma ƙin a ce sun yi barci. Dattawanmu da suka ga zamanin da motar majigi ke shiga ƙauyukan Arewa ta kafa farin ƙyalle a ƙofar fadar hakimi, ba sai an fassara musu wannan fim ba.

(KIƊA NA ƊAN LOKACI)

To amma ba a nan gizo ke saƙar ba. Yawancin masu shirya irin wannan biki masoya Kyuba ne, 'yan ƙungiyoyin ƙwadago da ɗalibai da masu adawa da takunkumin Amurka. Saboda haka hannunsu kan tafi kai tsaye ga finafinan da suka yabi juyin juya hali, su tsallake sauran. A ganina wannan kuskure ne, ko ta fuskar gaskiya ko ta fuskar ciniki.

Ku ɗauki P.M., ɗan gajeren fim na 1961 da Sabá Cabrera Infante da Orlando Jiménez Leal suka yi. Ba komai a cikinsa sai mutanen unguwannin bakin tashar jiragen ruwa ta Havana suna rawa da shaye-shaye da dare. Hukuma ta hana nuna shi a silima, ta ce ba lokacin wannan ba ne, ƙasa na fuskantar hari. Rigimar da ta biyo baya ce ta sa Castro ya tara marubuta da masu fasaha a watan Yuni na shekarar ya shata musu iyaka. Ga kuma Nicolás Guillén Landrián. An ba shi aikin fim na ƙarfafa wa jama'a gwiwar dasa kofi a kewayen Havana, ya fito da Coffea Arábiga a 1968, wanda a cikinsa ya ɗora wata waƙar Beatles mai maganar wawa a kan tudu daidai inda Castro ya bayyana. Landrián ya sha ɗauri da zaman asibitin masu taɓin hankali, ya bar ƙasar a 1989, ya rasu a Miami a 2003. Sai a 'yan shekarun nan aka tono finafinansa daga ma'ajiya aka gyara su, darakta Ernesto Daranas ya yi fim a kan wannan aiki, aka nuna shi a bikin finafinai na Venice na 2023.

Sai Sara Gómez, baƙar fata, mace ta farko da ta ba da umarnin fim a ICAIC. Ita ba ta juya wa juyin juya hali baya ba, amma ba ta yi masa kara ba. Ta tambayi mata ma'aikata abin da ke damunsu, ta shiga maganar launin fata da aka ce an gama da ita. Ciwon asma ya ɗauke ta a 1974 tana da shekara 31. Idan aka jera Álvarez da Landrián da Gómez a dare guda, zauren ba zai watse da wuri ba. Wanda ya zo da yabo zai sami abin da zai tauna, wanda ya zo da suka shi ma haka, kuma dukansu sun sayi tikiti.

Daren rufewa kuwa, in ana son dogon fim, akwai Suite Habana na Fernando Pérez, 2003. Yini ɗaya ne a rayuwar wasu talakawan Havana, ba tare da hira ko sharhi ba. Akwai ma'aikacin jirgin ƙasa mai busa da dare, akwai likitan da ke shigar barkwanci don nishaɗantar da yara, akwai tsohuwa mai soya gyaɗa tana ƙulla ta a takarda ta fita talla. Wani amfaninsa ga mai shiri, kusan babu abin fassarawa.

(KIƊA)

Mu dawo kan aikin da ba ya fitowa a fosta. Na farko izini. Kasancewar fim yana yawo a intanet bai sa ya zama na kowa ba, kuma cewa don taimako ake yi ba hujja ba ce. Yawancin tsofaffin finafinan nan haƙƙinsu na hannun ICAIC, sai an rubuta mata an daidaita. Sababbi da dama kuwa na masu zaman kansu ne, waɗanda dokar ƙasar ta amince da su a hukumance a 2019, kuma su ake nema kai tsaye. Kada a raina wannan magana. A 2023 gidan talabijin na gwamnati ya nuna fim ɗin La Habana de Fito na Juan Pin Vilar ba da yardarsa ba, ɗaruruwan masu harkar fim suka sa hannu a takardar ƙorafi, har ta kai shugaban ICAIC ya bar kujerarsa. Wanda ke cewa yana ƙaunar masu fim ɗin Kyuba ba zai fara da cin haƙƙinsu ba.

Na biyu fassara. Finafinan da Sifaniyanci suke, kuma Sifaniyancin Kyuba yana da sauri, ana haɗiye ƙarshen kalmomi. A tabbatar kwafin da aka turo yana da fassara a rubuce a ƙasan allo, a kuma zauna a kalle shi daga farko har ƙarshe, a kan na'urar da za a yi amfani da ita, a zauren da za a yi bikin, tun saura kwanaki. Sau da yawa abin da ke ɓata dare ba wani babban abu ba ne, wayar da ta ƙi shiga kwamfuta ce, ko rubutun da kan mutumin gaba ya tare.

Na uku lissafi, domin ba girin-girin ba, ta yi mai. A ɗauki zaure mai kujera 80 a matsayin misali. In hayar ɗaki da kuɗin izini da buga fosta sun cinye kuɗin kujera 50, to duk wahalar nan saboda kujera 30 aka yi ta, in ma an cika. Shi ya sa masu wayo ke neman ɗakin taron ƙungiyar ƙwadago ko na jami'a ko na coci kyauta, su nemi wanda zai ɗauki nauyin izini tun kafin a sayar da tikiti ko ɗaya. Riba ta fi fitowa a teburin baya, wurin shinkafa da baƙin wake irin na Kyuba, da kofi, da gwanjon fosta. Fostocin ICAIC da ake bugawa da hannu kaya ne masu daraja a wurin masu tara su, musamman zanen Eduardo Muñoz Bachs, wanda ya yi wa Por primera vez hoton Chaplin yana leƙowa daga cikin furanni.

(KIƊA NA ƊAN LOKACI)

An tara kuɗi, kwalliya ta biya kuɗin sabulu. Saura kai su, kuma wannan ya fi tara su wuya. Amurka ta ƙaƙaba wa Kyuba cikakken takunkumi tun watan Fabrairun 1962, ta ƙara ɗaure shi da dokar Helms-Burton a 1996, sannan a Janairun 2021 ta mayar da ita cikin jerin ƙasashen da take zargi da goyon bayan ta'addanci. Bankunan da ba na Amurka ba ma tsoron tara suke yi. A 2015 bankin Co-operative na Birtaniya ya rufe asusun ƙungiyar Cuba Solidarity Campaign. Kamfanonin biyan kuɗi ta intanet irin su PayPal kuwa an sha kokawa da yadda suke tsayar da kuɗi don kawai sunan ƙasar ya fito a bayanin biya. Mai shirin da bai san wannan ba zai iya sayar da tikitinsa kaf ta intanet, ya wayi gari kuɗin na maƙale. Shi ya sa ƙananan bukukuwa da yawa ke karɓar tsabar kuɗi a ƙofa, ko su bi ta wata ƙungiyar agaji mai rajista wadda ta riga ta san hanya, ko su sayi kayan da kansu su aika.

Kuma tun a fosta ya kamata a faɗi abin da za a yi da kuɗin, abu guda, mai suna. Buƙatu ba su da iyaka. A Oktoban 2024 wutar lantarki ta ɗauke a ƙasar baki ɗaya, ana cikin duhun guguwar Oscar ta sauka kusa da Baracoa, yankin da aka ɗauki fim ɗin Cortázar. Asibitoci na fama da ƙarancin magani. Su kansu finafinan suna neman ceto, don zafi da laimar tsibirin na cin tsofaffin faya-fayan, har su riƙa warin tsami kafin su lalace. Bikin Screen Cuba da aka yi a Landan a watan Maris na 2024 ya sa gyaran tsofaffin finafinai cikin abin da yake tara wa kuɗi. Akwai kuma Televisión Serrana, ƙaramar cibiyar da Daniel Diez ya kafa a 1993 a San Pablo de Yao cikin duwatsun Sierra Maestra, inda 'ya'yan manoma ke ɗaukar labarin ƙauyukansu da kansu. Ga irin waɗannan, batirin kyamara da na'urar ajiye hotuna sun fi dogon jawabi amfani.

Bayan an share zaure an mayar da kujeru, saura aiki ɗaya. A rubuta abin da ya shigo, da abin da aka kashe, da abin da ya rage, da ranar da ya isa hannun wanda aka yi dominsa, a aika wa duk wanda ya bar adireshinsa a ƙofa. In kayan sun yi wata huɗu a hanya, a faɗa.

Nan muka kawo ƙarshen shirin na yau. A madadin waɗanda suka haɗa shi, nake cewa mu kwana lafiya.

(KIƊAN RUFE SHIRI)