Babu Damisa Mai Ratsi a Dajin Adamawa, a Daina Tura Hotonta

Da zarar damina ta yi nisa, Binuwai ya cika ya batse, aka soma raɗe-raɗin sako ruwa daga madatsar Lagdo ta Kamaru, sai wani hoto ya hau yawo a wayoyin mutanen Yola da Jimeta. Wata ƙatuwar damisa ce, ja mai baƙin ratsi, tana ninƙaya ko tana kwance a gefen hanya, an rubuta a ƙasa wai ambaliya ce ta koro ta, an gan ta a Fufore, ko Girei, ko bayan gadar Jimeta, a tura wa 'yan'uwa su yi hattara. Wallahi na gaji da wannan ƙarya. Abin takaicin ma, masu turawar ba yara kaɗai ba ne, har da dattawa masu furfura da suka yi boko mai zurfi.

Dabbar da ke cikin hoton damisar Asiya ce, wadda wasu ke kira taiga, babbar duk dangin kyanwa. Babu ita a dajin Adamawa, babu ita a dajin Najeriya, kuma ba ta taɓa zama 'yar daji a ko'ina cikin nahiyar Afirka ba. Gidanta Indiya ne da Nepal da Butan da Bangaladesh, da gabashin Rasha da wani yanki na Sin, sai Tailan da Malesiya da tsibirin Sumatra na Indonesiya. Tsakaninta da Fufore akwai teku da hamada.

Mai gardama zai ce daji da faɗi yake, wa ya san abin da ke ciki? To, a duba girman dabbar tukuna. Namijin damisar Indiya yakan haura kilo 200, daga hanci zuwa ƙarshen wutsiya yana kusan mita 3. Haƙoranta 30 ne, fiƙoƙinta kan kai santimita 7, babu kyanwar da ta kai ta tsawon fiƙa. Tana iya cinye kilo 30 na nama a dare guda, kuma kusan kowane mako sai ta kayar da babbar dabba kafin ta rayu. A Asiya barewa take ci da gwanki irin nasu da aladen daji da ɓauna. A nan me za ta ci in ban da shanu? Da akwai ko guda ɗaya a kwarin Binuwai, da makiyayan Song da Jada da Mayo Belwa sun riga kowa sani, don saniya ce za ta riƙa tafiya duk mako. Da mafarautanmu, waɗanda suka san kowane kwazazzabo daga duwatsun Alantika zuwa Toungo, sun ga sawunta, tunda tafin ƙafarta ya kai faɗin tafin hannun ƙato. Shekara nawa muna kiwo da farauta a ƙasar nan, babu ardo ko sarkin baka da ya taɓa kawo gawarta gaban Lamiɗo.

Kuma dabbar ba ta da yawan da za ta ɓace ba a lura ba. A farkon ƙarni na 20 an ƙiyasta akwai kimanin 100,000 a daji. Farauta da sare dazuka suka cinye su, har a shekarar 2010 aka ce saura wajen 3,200 a duk duniya. Irin na tsibiran Bali da Java da na yankin tekun Kasfiyan sun ƙare ƙurmus. Indiya, wadda ta kafa shirin kare su tun 1973 zamanin Indira Gandhi, ta sanar da 3,682 a ƙidayarta ta 2022, mafi yawan na duniya ke nan. Yadda ake ƙidayar ma abin lura ne: ratsin kowace damisa daban yake da na 'yar'uwarta kamar zanen yatsun ɗan Adam, don haka ana kafa kyamarori a daji, a gane kowace da zanenta. Dabbar da gwamnatoci ke ƙirgawa ɗaya bayan ɗaya, ita ce wai za ta ɓullo a Girei babu wanda ya neme ta?

Hoton ninƙayar shi ya fi ruɗin mutane, kuma gaskiya ne damisar Asiya gwanar ruwa ce, tana ƙetare manyan koguna a dajin Sundarbans da ke tsakanin Indiya da Bangaladesh. Daga irin waɗannan wurare ake kwaso hotunan a liƙa musu sunan garinmu, yanzu kuma ga na kwamfuta da ake ƙirƙira cikin minti guda. Damisoshin Asiya da ke Afirka na gidan zu ne ko na masu kiwonsu a keji. A watan Janairun 2023 wata ta kuɓuce daga gonar wani mutum a kudu da Johannesburg, ta ji wa wani rauni, ta kashe karnuka, aka bi ta aka harbe cikin 'yan kwanaki, duniya duka ta ji labari.

Tamu damisar, wadda kakanni suka yi wa kirari da ƙi sabo, mai dabbare-dabbare ce, ba ratsi. Ba ta kai rabin waccan nauyi ba, da wuya namiji ya wuce kilo 90. Gwanar hawa bishiya ce, takan ja abin da ta kashe har kan reshe don kura kada ta ƙwace. Da dare take yawo ita kaɗai, tana gudun mutum iyakar iyawarta. Ta yi ƙaranci ƙwarai a Afirka ta Yamma. Inda ake sa ran samunta kusa da mu shi ne gandun dajin Gashaka-Gumti, mafi girma a Najeriya, wanda aka kafa a 1991 kuma ya shigo Adamawa ta wajen Toungo, sai gandun Faro a tsallaken iyakar Kamaru.

Wani zai ce ai hoto ne kawai, mene ne abin tayar da jijiyar wuya? Ɓarnarsa a ƙasa take sauka. Mata su ƙi zuwa gona ana tsakiyar aiki, a hana yara makaranta, samari su ɗauki gora da bindigar toka su shiga ciyawa da dare. Abin da suka tarar shi za su kashe, ko jibda ce ko kyanwar daji ko karen maƙwabci, kuma a irin wannan duhun ne ake harbin mutum a ce kuskure ne. Ga 'yan damfara da ke shafa wa fatar akuya baƙin fenti su sayar a matsayin maganin kwarjini. Irin wannan camfin, na cewa ƙashin damisa magani ne, yana cikin abin da ya kusa ƙarar da damisar Asiya, har Sin ta haramta cinikinsa a 1993.

Saboda haka, idan hoton ya shigo wayarka, fara duban jikin dabbar. In ratsi ne, ba tamu ba ce, goge shi, ka kuma gaya wa wanda ya turo. Tambaye shi wa ya gani da idonsa, a wace unguwa, yaushe. Za ka tarar duk jiyau ne, babu ganau. Addini ma ya hore mu da bincika labari kafin yaɗa shi. In kuwa da gaske wani abu yana kama awaki a ƙauyenku, kada kowa ya bi sawu da dare. A sanar da mai unguwa ko jauro, shi ya kai ga hakimi da ma'aikatan gandun daji. A tsare ƙananan dabbobi a garke mai rufi kafin magariba, a bar haske a kusa, kada a aiki yaro shi kaɗai rafi da asuba. Wanda ya yi kiciɓis da damisa, kada ya ruga, kada ya juya mata baya, kada ya durƙusa. Ya tsaya a miƙe, ya ɗauki yaro in yana tare da shi, ya ja da baya sannu a hankali ya bar mata hanyar fita. Mafi haɗari ita ce wadda aka ritsa, ko aka raunata, ko mai 'ya'ya, don haka taron jama'a da jifa shi ne mafi munin abin da za a yi. Kashe ta ko cinikin fatarta kuma laifi ne a dokar kare namun daji ta Najeriya.

Ina roƙon limamai da malaman makaranta da masu kula da zaurukan WhatsApp na Yola da Jimeta, duk wanda ya sake turo hoton nan, ku tsawata masa a gaban kowa.